Mutumin da Ake Biya Ya Yar da Waya

A kamfanin da ke ƙera wayoyin nan masu ɗan karen tsada, can a ƙasan bene, kusa da inda ake ajiye tsintsiya da bokiti, akwai wani ɗaki da ba shi da komai sai teburi ɗaya, kujera ɗaya, daɓen siminti, da wani dattijo. Aikin dattijon shi ne ya yar da waya. Iyakar aikin ke nan. A kawo masa sabuwa fil, wadda ko farashi ba a sa mata ba, ya ɗaga ta daidai ƙirjinsa, ya sake ta ta faɗi a kan simintin, ya sunkuya ya ɗauka, ya juya ta gaba da baya, ya sa hannu a takarda cewa ta jure. Shekara ashirin da biyu yana wannan, har mutane suka manta da sunansa na yanka, kowa Baba Sakau yake ce masa.

Kada ka yi dariya tukuna. Saboda wannan sa hannun nasa ne ake buga wa kwalin kowace waya rubutu da ruwan zinare cewa, "An gwada ta da hannun ɗan Adam."

Lokacin da ya fara, aikin ba ya buƙatar wata dabara. Wayoyin na roba ne, masu kauri kamar sabulun wanki. Ka yar da ita, murfi ya yi gabas, batir ya yi yamma, ka tattaro ka haɗa, ta kawo wuta ta ci gaba da harkarta ko a jikinta. Akwai ma wadda ta ɓantare masa siminti, har yau gurbin yana nan. Sai kamfani ya yi kuɗi, ya ɗebo masu zane 'yan gayu, aka ce roba ta talakawa ce. Aka koma alminiyam. Da alminiyam ya zama na kowa da kowa, sai aka sa gilashi a gaba, aka sa gilashi a baya, aka zagaye gefen da wani ƙarfe wai shi titaniyam, wanda aka ce da shi ake ƙera jirgin sama. Sakau dai bai taɓa ganin jirgin sama ya sulluɓe daga aljihun mutum ya faɗi a banɗaki ba, amma tunda ba a tambaye shi ba, bai ce komai ba.

Daga nan wayoyi suka fara fashewa a ɗakinsa, kuma duk wadda ta fashe sai an kira taro. Taron awa uku, ba shayi, ba ruwa. Manaja, wani mai santsin fuska da santsin baki, ya zauna a kan teburi ya zuba masa ido kamar shi ya narka gilashin.

"Baba, yaya aka yi ta fashe?"

"Yallaɓai, sake ta na yi."

"To ka ji. Da ƙarfi ka sake ta."

Yanzu don Allah, yaya mutum zai saki abu da ƙarfi? Amma haka ake rubutawa a takardar taro, kowa ya sa hannu, Sakau ya koma ƙasan bene da ciwon kai.

Gaskiya ɗaya ce, ba wanda ya taɓa ce masa ya yi maguɗi, ko sau ɗaya. Hannunsa ne ya gaji da taro. A hankali, ba tare da ya yi shawara da mai shi ba, hannun ya gano cewa kowace waya tana da kusurwa guda, ta ƙasa wajen hagu, inda ƙarfen ya fi kauri. Ya gano cewa idan ƙaramin yatsa ya ɗan shafi gefenta lokacin sakin, sai ta juya a iska ta sauka a kan wannan kusurwar, ta mirgina, ta kwanta lafiya lau. Abin bai kai ƙiftawar ido ba, ko kyamara ba ta kama shi. Taro ya ƙare. Aka fara gaishe da Sakau a bakin ƙofa.

Akwai shekarar da kamfani ya sayo injin gwaji, mai hannun ƙarfe, wanda ke sakin waya tsakani da Allah. A sati guda ya farfasa arba'in. Aka kira taro, aka yanke cewa injin ba shi da kishin kamfani, aka lulluɓe shi da leda aka tura shi lungu. Sakau yakan rataya hularsa a jikinsa.

To, a gida kuma, Sakau yana da mata ɗaya da 'ya ɗaya tilo. 'Yar tasa nas ce a wani asibiti, yarinya mai natsuwa, mai tausayi, wadda tsofaffi ke yi wa addu'a tun kafin ta gama ɗaure musu ciwo. Sai dai a gidan ubanta ba a kiranta da komai sai Uwar-ɓarna. Shi da bakinsa ya laƙaba mata sunan tun tana ƙarama, ranar da kofi ya kuɓuce mata, ya faɗa cikin raha, kowa ya yi dariya, sunan ya zauna daram. Ta girma tana ɗaukar komai da hannu biyu. Har ta zama budurwa, har ta fara aiki, kofinta a gidan na roba ne, shuɗi, ita da kanta ba ta yarda ta taɓa na gilashin da uwarta ke jerawa a kabad.

Amma fa tana ji da ubanta. Duk wanda ta gani da wayar kamfanin sai ta nuna masa rubutun kwalin ta ce, "Hannun ɗan Adam ɗin nan da ake faɗa, na babana ne." Da ta tara abin da ta tara, ita ma ta je ta sayi tata, ta gilashi gaba da baya, siririya, mai santsi kamar an shafa mata mai. Abokan aikinta suka ce ta saya mata rigar roba. Ta ce Allah ya kiyaye, wayar da babanta ya gwada ba ta buƙatar riga.

A satin ne kuma asibiti ya ba ta abin da ta yi shekara uku tana nema: aka ce ta koma ɗakin haihuwa, ta koyi karɓar jarirai. Aka ba ta zuwa Juma'a ta kawo amsa a rubuce.

Ranar Litinin da ya dawo daga aiki, Sakau ya tarar da gidan shiru. Yarinyar ta gaishe shi kanta a ƙasa, babban yatsanta naɗe da filasta, ta shige ɗaki. Ya tambayi matarsa ko lafiya. Ita kuwa dama jira take. Ta ajiye ludayi, ta goge hannu da zani.

"Wayarta ce ta fashe."

"Ta faɗi daga ina?"

"Daga hannun kujera. Ka ga kujerar can, ko gwiwarka ba ta kai ba. Ba ma ita ta yar ba, ajiyewa ta yi, abin ya zame da kansa saboda santsi. Bayanta ya yi rugu-rugu. Tana ɗauka gilashin ya yanke ta."

Sakau ya ce, "Assha." Ya nemi wuri ya zauna.

"Tsaya, ban gama ba. Ta kai shagonku. Suka ce ai wannan wayar ba ta fashewa sai da ganganci. Suka kunna mata bidiyo, ga hannu yana yar da ita sau goma a kan siminti, ko ƙwarzane babu. Ta gane zobenka, Malam. Ta gane tabon da ke bayan hannunka. Ka san abin da 'yarka ta yi? Haƙuri ta ba su. Ita aka cuta, ita ta ba da haƙuri."

Ta gyara tsayuwa, ta ci gaba.

"Yanzu ta ce ba za ta karɓi aikin ɗakin haihuwa ba. Wai hannun da ya fasa wayar da ba ta fashewa, ba shi ne zai riƙe jaririn mutane ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta ce ai tun tana ƙarama kowa ya san halinta, Baba ma ya sani. To ga ka nan, ga ta nan. Kai ka sa mata sunan, sai ka san yadda za ka cire."

Abinci bai shiga cikin Sakau ba ranar nan. Magana ce guda zai faɗa, ya san ta sarai: ba laifinki ba ne, wayar ce ta banza. Amma idan ya faɗi wannan, dole ta tambaye shi yadda aka yi ba ta fashe a hannunsa ba, shi ke nan sai ya tsaya gaban yarinyar da ke alfahari da shi ya ce mata shekara da shekaru ƙarya yake sa wa hannu. Ya je bakin ƙofarta sau biyu, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa. Tsoro ne ya hana shi, ba wani abu ba.

Washegari ya hau bene wajen Manaja, abin da bai yi ba tun zamanin taro. Ya same shi tare da Mai-zane, wani siririn saurayi mai baƙar riga da ba ya magana sai ya lumshe ido. A gabansu, kan wani ƙyalle mai laushi, ga sabuwar wayar da za a ƙaddamar ranar Alhamis.

"Baba, ka zo a daidai," in ji Manaja. "Taɓa ka ji."

Mai-zane ya lumshe ido ya fara bayani. Bayan wayar yanzu ba gilashi ba ne, tangaran ne, irin na farantin manya, an gasa shi kwana tara. An rage mata kauri har sai da aka fitar da kyamarar waje, ta yi doro, ta yadda in ka ajiye ta a teburi sai ta riƙa rawa. An goge gefenta sau ɗari da ashirin don kada yatsa ya ji inda ƙarfe ya ƙare tangaran ya fara. Ya ce burinsu shi ne mutum ya riƙe ta ya ji kamar bai riƙe komai ba.

Sakau ya ce a ransa, ai kuwa burinku na gab da cika. A fili kuma ya ce, "Yallaɓai, wayoyin nan suna fashewa a hannun mutane."

Manaja ya yi murmushi irin na wanda aka faɗa wa cewa ruwa yana jiƙa kaya.

"Baba, zauna. Ka taɓa ganin wanda ya sayi waya mai arha ta fashe? Zagin kamfani zai yi har da kakanninsu. Amma wanda ya sayi tamu, da tsadar nan, in ta fashe wa zai zaga? Kansa. Zai ce ni ne ban iya riƙe abu mai daraja ba. Ya ɓoye ta don kunya, ya dawo ya sayi wata, har da rigar robar da muke sayarwa. Shekara nawa rabon da wani ya kawo ƙara? Wannan shi ake kira inganci."

"Amma roba ba ta—"

"Roba!" Mai-zane ya buɗe ido gaba ɗaya, ya dafe ƙirji. Sai da aka ba shi ruwa.

Manaja ya dafa kafaɗar Sakau. Ya ce bana ba bidiyo za a nuna ba. Shi da kansa zai hau dandamali, gaban 'yan jarida da manyan baƙi, ya yar da sabuwar wayar kowa yana kallo. An ma ɗinka masa kwat.

Yana saukowa daga bene dabara ta faɗo masa, har ya ji wani sanyi a ransa. Ba sai ya faɗa da baki ba. Zai gayyato yarinyar, ta zauna a gaba, shi kuma ya saki wayar kamar yadda kowane bawan Allah ke sakin abu, ta tarwatse a idon duniya. Za ta gani da idonta cewa tangaran tangaran ne, ko a hannun wa. Za a kore shi, ya sani. Amma da ya tsaya gabanta ya buɗe baki, gara a kore shi sau goma.

Ranar Alhamis da hantsi zauren ƙaddamarwar ya cika maƙil. Fitilu, kiɗa, ƙaton allo mai nuna wayar tana juyawa a hankali kamar amarya. An kawo falalen dutse an shimfiɗa a tsakiyar dandamali. Manaja ya yi minti arba'in yana magana a kan tangaran, har ya ce wanda ya riƙe wayar nan zai ji ya zama wani mutum dabam. Sannan ya ce, "Ga hannun ɗan Adam ɗin da kuke gani a kwali."

Sakau ya fito cikin kwat ɗin da ta matse masa hammata. Ya hango 'yarsa a layin gaba, da kayan aikinta farare, ta ɓoye yatsan mai filasta a cikin tafin hannu, tana yi masa murmushi. Matarsa na gefenta, ba ta murmushi.

Ya karɓi wayar. Ya ɗaga ta daidai ƙirji. Ya ce wa hannunsa, yau dai ka yi gaskiya. Ya sake.

Wayar ta juya a iska, ta sauka a kusurwar ƙasa ta hagu, ta mirgina, ta kwanta. Ko ƙwarzane.

Zauren ya ɗauki tafi. Sakau ya kalli ƙaramin yatsansa kamar yau ya fara ganinsa. Ya sunkuya ya ɗauka. Wannan karon ya naɗe yatsan a cikin tafin hannu, ya riƙe wayar da yatsu biyu kacal, ya ɗaga ta sama da kansa, ya sake. Ashe wuyan hannun ma ya iya. Kusurwar hagu, mirgina, kwanciya.

"Sama da kai!" Manaja ya yi ihu a lasifika. "Wannan ba ya cikin shiri, jama'a!"

Gumi ya karyo wa Sakau. Ya rufe ido ya sake, ta tsira. Ya koma hannun hagu, wanda bai taɓa aiki da shi ba, ashe munafukin ya daɗe yana kallon ɗan'uwansa, ta tsira. Ransa ya ɓaci, ya juya wa jama'a baya, ya wurga ta ta kan kafaɗa kamar mai zubar da ɓawon lemo. Ya ji ƙarar saukarta, ya ji shiru, ya ce alhamdulillahi. Sai zauren ya fashe da sowa. Da ya waiwaya, ga 'yar banzar a kwance tana walƙiya, allonta na nuna ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida.

Mutane suka miƙe tsaye. Mai-zane yana kuka. Manaja ya rungume Sakau, ya raɗa masa a kunne, "Baba, ashe haka kake? Me ya sa ba ka taɓa nuna mana na bayan nan ba?" Aka miƙa masa lambar yabo, wani dunƙulen gilashi mai nauyi.

Ta saman kafaɗar Manaja ya nemi 'yarsa. Ita ma tana tsaye tana tafi, tana kallon wayar da aka wurga ta kan kafaɗa ba ta fashe ba, sannan ta sunkuyar da kai ta kalli yatsanta. Murmushin yana nan, amma idonta ya cika da hawaye. Nan Sakau ya gane ɓarnar da ya yi. Ya kawo ta ne don ya wanke ta, ya ƙare da kafa mata hujja biyar a gaban duniya.

Sai bayan la'asar ya samu ya kuɓuce daga masu ɗaukar hoto. Ya shigo gida da dunƙulen gilashinsa a hammata. Yarinyar tana zaune a falo, kan kujerar nan da wayar ta zame daga hannunta, ga takarda a kan cinyarta ta gama rubutawa, tana ninkewa. Ba sai an faɗa masa ba, amsar asibiti ce, kuma ya san abin da ke ciki.

"Sannu da zuwa, Baba. Wallahi yau ka burge kowa."

Ya ajiye lambar yabon a ƙasa, ya wuce kabad, ya buɗe, ya ɗauko kofin gilashi ɗaya daga cikin shidan da matarsa ke ji da su kamar ranta.

"Malam, me za ka yi da—"

Ya ɗaga shi daidai ƙirji, ya sake. Matar ta yi salati. Kofin ya juya a iska, ya sauka a kan gindinsa mai kauri, ya yi 'yar rawa a kan tayil, ya tsaya cak.



"Wannan kofin," in ji Sakau, "ba titaniyam a jikinsa. Ba a gasa shi kwana tara ba. Uwarki ta saye shi a bakin titi." Ya ɗauka ya sake yar da shi. Kofin ya sake tsayawa cak. "Kin gani? Ba wayar ce mai ƙarfi ba. Hannuna ne ya iya ƙarya. Ko ƙwai kika ba ni, ina jin sai na sauke shi lafiya. Yau so na yi ta fashe ki gani, na yi iya yina, hannun ya ƙi. Wayarki kuwa ko a hannun wa ta zame daga kujerar nan sai ta fashe. Taki gilashi ce, ta yau tangaran, 'yata. Abin da aka san su da shi ke nan tun da aka halicci duniya."

Yarinyar ta daɗe tana kallon kofin.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka daina roba."

"Mutum goma sha ɗaya na sa suka saya, Baba. Ce musu nake babana ne ya gwada." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Akwai wata a wajen aikinmu da tata ta fashe, mijinta ya yi sati ba ya yi mata magana. Ni da bakina na ce mata ta riƙa kula."

Sakau ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a taron awa uku.

"To kofunan da na riƙa fasawa ina yarinya fa? Su ma hannunka ne?"

"Shekararki huɗu lokacin," ya ce a hankali. "Wane yaro ne ba ya fasa kofi?"

"Guda nawa na fasa?"

Shi bai sani ba. Matarsa ce ta amsa daga bakin ƙofar kicin.

"Biyu. Na biyun ma kyanwa ce ta ture, ke dai kina kusa."

Yarinyar ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. Kofi ɗaya da rabi, shekara ashirin da wani abu. Ta miƙe, takardar na hannunta, ta sunkuya ta ɗauki kofin gilashin daga ƙasa, ta wuce uwarta ta shiga kicin. Suka ji ƙarar cokali. Sakau ya zauna a bakin kujera, kwat ɗin na cin hammatarsa, yana jiran hukunci.

Ta fito da shayi a cikin kofin gilashin, cike har baki, ba faranti, ba tire. Da hannu ɗaya ta riƙo shi, hannun mai filasta, ta ratso falon ba ta ko kallon ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba. Ta tsaya gabansa ta miƙa.

"Ungo, Baba."

Ya ɗago ya dube ta. Bai ga fushi a fuskarta ba, bai kuma ga wannan alfaharin da ya saba gani ba, kuma ya san ba lallai ya sake ganinsa ba. Ya miƙa hannu. Hannun nan da ya yi shekara da shekaru bai yi kuskure ba, yau karkarwa yake kamar na mai zazzaɓi. Yatsunsa suka taɓa kofin, ta saki, shi kuma bai riƙe ba.

Tas! Gilashi ya watsu har ƙarƙashin kabad, shayi ya wanke masa takalmi da ƙafar wando.

Su uku suka tsaya suna kallon ƙasa. Matar ce ta fara farfaɗowa. Ta riƙe ƙugu, ta ja numfashi, ka san dai abin da shekara ashirin na haushi ke shirin fitarwa.

"To, sannu Uban—"

"Mama, a'a," in ji yarinyar. "Kar ki sa masa suna. Bin mutum yake yi."

Ta ɗauko tsintsiya a bayan ƙofa, ta durƙusa ta tattara gilashin wuri ɗaya. Ta waiga neman abin kwashewa ba ta gani ba, sai ta warware takardar da ta rubuta wa asibiti, ta shimfiɗa ta a ƙasa, ta share gilashin da jiƙaƙƙen ganyen shayi a kanta, ta dunƙule, ta kai kwandon shara.

"Ɗaga ƙafarka, Baba," ta ce da ta dawo. "Akwai saura a ƙarƙashin takalminka."